Daraktan da Ba Ya Tafiya Gida

Abin ya faro ne daga zafi, ba daga muguntar kowa ba. Gara a faɗi wannan tun farko, don duk mutanen da ke cikin labarin nan, in ka ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, babu wanda ya kwana da niyyar cutar wani.

A sakatariyar wata ƙaramar hukuma akwai ma'aikaciyar da kowa ke kira Ƴar Waya, saboda ba ka ganin ta sai da waya naɗe a kafaɗa, ko tana rarrafe a ƙarƙashin teburin wani tana neman inda ɓera ya ci. Ita kaɗai ce sashen fasahar sadarwa. Ita ce babba, ita ce masinja, ita ce mai shara. Gajera ce, ga saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta.

Saurin nan kuwa da dalili. Tana da uwa a gida, Inna, wadda tsufa ya fara kwashe mata tunani kaɗan-kaɗan. Inna ta manta sunan unguwarsu, ta manta mijinta ya rasu, wani lokaci ta gaida madubi. Fuskar ƴarta ce kaɗai ta rage mata daram. Likita ya ce a yi ƙoƙari ta riƙa ganin fuskar nan kullum, da rana, lokacin da hankalinta ke kwance, don da yamma ta yi duhu komai yakan cakuɗe mata. Ya ce abin da ta daina gani, shi ke fara tafiya. Shi ya sa da an tashi aiki Ƴar Waya ba ta tsayawa hira. Goggo, ƙanwar mahaifinta, ita ke zama da Inna da rana, ita kuma ta karɓa da la'asar.

To, Ƴar Waya ce ta yi ta naci har aka sayo wani baƙin akwatin ƙarfe mai tsayi zuwa ƙugun mutum, wanda masu sanin abin ke ce wa uwar garke. A cikinsa aka zuba duk abin da gara ke ci a ɗakin ajiya: takardun haihuwa, izinin rumfunan kasuwa, katunan marasa lafiya na ƙananan asibitoci, da koke-koken famfon da ya fashe. Da can in mace ta zo neman takardar haihuwar ɗanta, sai yaron ya iya tafiya ya rako ta karɓa. Yanzu kafin ta gama gyara goyo an miƙo mata. Ungozoma a asibitin bayan gari kan danna kwamfuta ta ga maganin da bai karɓi mai naƙuda ba, ba sai an tambayi miji yana inda-inda ba. Ƴar Waya tana ji da akwatin nan, ba ta ɓoyewa.

Sai dai akwati ba ya son zafi. Da rana ta take, sai ya yi gurnani ya ɗauke. Layi ya tsaya, mutane su fara tsaki. Ta yi masa fifita da kwali har kafaɗa ta sage, ta ga ba mafita ba ce, ta tafi wurin Sakatare.

Sakatare dogon dattijo ne mai tabarau biyu, ɗaya a hanci ɗaya a goshi. Bai taɓa ce wa kowa a'a da bakinsa ba. Littafin ƙa'idojin aiki ke faɗa masa, shi kuma ya isar.

"Ranka ya daɗe," in ji ta, "akwatin nan yana buƙatar iyakwandishan. In ba haka ba wata rana zai mutu da takardun mutane a ciki."

Ya sauko da tabarau na goshi ya ɗora kan na hanci, ya buɗe littafi.

"Ƴata, iyakwandishan na darakta ne. Mataimakin darakta, fanka. Daga nan zuwa ƙasa, taga."

"Ai shi ba mutum ba ne, ranka ya daɗe."

"Shi ya ƙara lalata maganar. Ko tagar ma bai cancanta ba."

Ta tsaya ta ƙi fita. Shi kuwa mutum ne da ba ya son ganin ɗan ƙasa da shi cikin damuwa, sai ya yi ta juya shafi yana lasar yatsa. Can fuskarsa ta washe.

"Tsaya! Sashenku ba shi da darakta, ko? Kujerar tana nan ba kowa. Ke shekarunki na aiki ba su kai ba. Shi kuwa ba a taɓa rubuta masa shekaru ba, don haka ba mai cewa ba su kai ba."

Ƴar Waya ta yi dariya har ta dafa tebur. Ta ce in dai za a kawo sanyi, a naɗa shi ciyaman ma ba ta da ja. Ka ji inda ta yi kuskure. Ba a yi wa Sakatare wasa da littafi a buɗe.

Kafin sati ya zagayo an kafa iyakwandishan. An shimfiɗa kafet, an rataya labule, an manna allo a ƙofa an rubuta Darakta, Sashen Fasahar Sadarwa. Aka kawo mota baƙa da direbanta aka ajiye a ƙarƙashin bishiya. Akwati ya daina ɗaukewa, ya koma wani ɗan kuka mai daɗi kamar mage ta ƙoshi. Ƴar Waya ta roƙi masu shigowa su riƙa cire takalmi saboda ƙura. Suka ɗauka girmamawa ce, suka ƙara da durƙuso.

Ranar da takardar naɗi ta fito, la'asar na yi ta rataya jaka ta nufi ƙofar fita. Mai Gadi yana zaune a bencinsa yana sauraren rediyo. Tsoho ne mai kirki, kullum sai ya tambaye ta jikin Inna.

"Ƴar Waya, ina zuwa?"

"Gida, Baba."

"Daraktanki ya fita?"

Ta tsaya. Akwai wata doka a sakatariyar nan tun zamanin wani tsohon ciyaman da ya gaji da ganin ofisoshi wayam da tsakar rana: ƙaramin ma'aikaci ba ya wuce ƙofa sai daraktansa ya wuce. Mai Gadi aka ɗora wa kula da ita, kuma wanda ya karya, takardar sallama ke jiran sa. Dokar ba ta taɓa damun kowa ba, don daraktocin kansu da azahar suke sulalewa, ma'aikata su bi bayan motocinsu kamar ƴan tsaki. Ita da ba ta da darakta, ba ta ma taɓa shafar ta ba.

"Baba, daraktan nawa akwati ne."

"Na ji an faɗa. Allah ya taya shi riƙo. Ya fita?"

"Ina zai je? Ba shi da gida, ba shi da ƙafa!"

"To wannan tsakaninsa da iyalinsa ne. Ni dai ban ga motarsa ta wuce ba."

"Haba Baba, kai ma ka san halin da Inna ke ciki."

Ya rage muryar rediyo, ya dube ta da tausayi na gaske. "Na sani, ƴata. Da ƙofar gidana ce, da na goya ki na fitar. Amma in na bar ki, gobe mu biyu za mu tsaya gaban Sakatare, ni kuma ba ni da inda za ni a wannan tsufan."

Ita ma ba ta da inda za ta. Aikin nan shi ke riƙe da gidan, shi ke sayen maganin Inna. Ta koma ofis ta kira Goggo, ta ce wani ɗan kuskure aka samu, gobe za a gyara.

Gobe ta zo, Sakatare ya saurare ta da tabarau duka biyu.

"Abu mai sauƙi," ya ce. "Ki nemi izini wurin daraktanki."

Ta koma ta sa Darakta ya buga mata takarda da manyan baƙaƙe, an amince ta tafi. Sakatare ya ɗaga takardar ya haska ta a taga.

"Hausarsa na da kyau. Ina sa hannu?"

"Ba shi da hannu, ranka ya daɗe."

"Ki daina tona masa asiri a bainar jama'a, ƴata. Mai gidanki ne."

"To a sauke shi mana! A mayar da shi akwatinsa!"

"A sauke shi da wane laifi? Ya taɓa makara? Kuma in an sauke shi, iyakwandishan za a cire."

Rannan da yamma ta gwada wata dabara. Ta kashe Darakta ɗif, ta ja labule, ta je ta ce wa Mai Gadi ai Darakta ya tashi daga aiki. Mai Gadi ya taka har ofis, ya cire takalmi, ya leƙa, ya dawo a kan yatsun ƙafa.

"Barci yake," ya ce da raɗa. "Wanda ke barci a ofis ai yana ofis. Rabin ma'aikatan nan da haka suka kai ga fansho."

Kafin ta ba shi amsa wayarta ta yi ƙara. Ungozomar bayan gari ce, tana ihu an kawo mata mai naƙuda, ga kwamfuta ta ƙi nuna katinta. Ƴar Waya ta ruga ta kunna Darakta. Ba ta sake gwada wannan ba.

Haka ta tare a sakatariya. Tana kwana a kan kafet ɗin Darakta, lulluɓe da labulen da ta ciro saboda sanyi, tana wanka a bayin mata kafin masu shara su iso. Asabar da Lahadi ma ba sauƙi, tunda Darakta na ofis. Goggo na aiko mata abinci da kayan sawa, kowane kwano da saƙon faɗa a bakin mai kawowa.

Shi kuwa Darakta sai tauraronsa ya fara haskawa. Da yake ba ya iya zuwa ɗakin taro, sai aka dawo da taron daraktoci ofishinsa, kuma ba wanda ya yi ƙorafi, don sanyinsa ya fi na kowa. Sukan zauna kewaye da shi, a zuba masa shayi ya huce a gabansa, Daraktan Ayyuka ya shanye a ƙarshe wai kada a yi almubazzaranci. In an kawo shawara, Ciyaman kan juya ya ce, "Daraktan Fasaha, kana da ja?" A yi tsit. Fankar cikinsa ta ɗan ƙara gudu. "Ya amince," in ji Ciyaman. Wata rana fitilarsa ta ƙifta ja ana tsakiyar maganar kwangilar kwalbati, sai aka janye maganar gaba ɗaya, Daraktan Ayyuka ya daina shan shayinsa.

Ciyaman ya tara ma'aikata a fili ya ce su yi koyi. "Ga mutum bai taɓa neman hutu ba, bai taɓa kawo mini ɗan ƙaninsa a ɗauka aiki ba. Kullum na zo yana nan, na tafi yana nan!" Aka yi tafi. Ƴar Waya tana baya da ɗankwalin da ta kwana da shi, ita ma ta tafa, don ana kallo.

Ta yi ƙoƙari ta wajen waya. Takan kira Goggo ta bidiyo a kanga wa Inna a fuska. Inna ta kalli ƴar fuskar da ke cikin gilashi, ta gyara zama, ta ce a yi shiru ana labarai. Da Ƴar Waya ta ce, "Inna, ni ce," sai ta ce wa Goggo, "Wannan mai labaran ba ta da kunya, tana kiran mutane Inna." An gwada kawo ta sakatariyar ma. Ta ga mota a ƙofar gida ta riƙe ƙyaure da hannu biyu, ta ce ba inda za ta sai mijinta ya dawo.

Da farko, in ji Goggo, kullum la'asar Inna kan ja kujera ta fuskanci ƙofa. Daga baya ta riƙa jan kujerar amma ta manta dalili. Daga baya ta daina ja.

Wata safiya Goggo ta kira. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi tsorata Ƴar Waya ke nan.

"Ke, kina ji na? Yau ina shafa mata mai ta dube ni ta ce, wai ita ta taɓa haihuwa kuwa?"

"Me kika ce mata?"

"Na ce ta haifi wata mai taurin kai da ta auri akwati. Me zan ce? Ki zo yau, ƴar nan. Ban ce gobe ba."

Ƴar Waya ta ajiye wayar ta fita tsakar fili, don kada ta yi kuka a gaban mai gidanta. A ƙarƙashin bishiya ta tarar da Direba yana wanke baƙar motar nan da ba ta taɓa motsawa ba. Ya wanke ta har fentin ya fara gajiya. Mutum ne mai tumbi da son kwalliya, kuma shi a sashen sufuri yake, don haka dokar ƙofa ba ta kama shi ba.

"Hajjaju, lafiya? Ko maigida ya yi miki faɗa?"

"Bar ni, Direba."

"Ai ni ya kamata in yi kuka. Kin san abin da direbobi ke kira na? Mai wankin gawa. Kowa ya kai maigidansa gida ya dawo da labari, ni ko hon ban taɓa yi masa ba. Ki roƙar mini shi mana, ko zagaye ɗaya ne. Sanyin motar nan ya fi na ofishinsa, wallahi."

Ta ɗago ta dube shi. Ta dubi motar. Ta juya ta dubi tagar ofishin Darakta, sannan ta dubi ƙofar fita can ƙarshen fili, tana auna tsakaninsu da ido.

"Za ka iya kwana da shi a mota, inji na aiki?"

"Ni? Na kwana a mota ina jiran daraktocin da ko sannu ba sa cewa. Wannan ai aƙalla ba zai aike ni sayen komai ba."

Ta shiga sito ta kwaso duk wayar da ta mallaka, ta wuta da ta sadarwa. Ta wuni tana haɗa wannan da wancan tana naɗewa da salatif, har ta sami igiya biyu dogaye ta murɗe su wuri guda. Ta sanar da asibitoci cewa za a ɗan ɗauke na ƙiftawar ido. La'asar na yi, ta sa Darakta a kan batirinsa, ita da Direba da masu shara biyu suka ɗauko shi. Ma'aikatan da suka rage suka fito baranda suna kallo, wasu na cewa a sauka lafiya. Aka zaunar da shi a kujerar baya, aka ɗaura masa bel. Ta zaro wayoyin ta tagar ofis ta shigar ta tagar mota ta soka masa. Fitilunsa suka yi kore.

Direba ya gyara hula, ya yi hon sau uku ba don kowa ba, ya ja mota a hankali. Ƴar Waya na biye a ƙasa tana sakin waya daga kafaɗa. Suka wuce bishiya. Suka wuce wurin tuta. Naɗin kafaɗarta na ta raguwa. Mai Gadi ya hango su ya miƙe tsaye ya ƙame.

Sai waya ta miƙe ƙyam.

"Tsaya!" ta yi ihu. "Tsaya, za ka tsinke shi!"

Mota ta tsaya. Tsakanin hancinta da ƙofa bai fi a shimfiɗa tabarma ba.

Mai Gadi ya zo ya duƙa ta taga ya gaida Darakta, ya tambaye shi gajiya, sannan ya miƙe ya girgiza kai.

"Ƴata, ya kusa. Amma yana ciki."

"Baba, dubi abin da ya rage!"

"Na gani. Ko da taki ɗaya ne, ciki ciki ne."

Ta ja wayar, ta roƙe ta, ta koma ofis da gudu ta matso da abin da zai matsu. Aka samu ɗan ƙari, mota ta gusa kamar tafin hannu, ta sake tsayawa. Babu sauran waya a sakatariyar nan in ba ta cire ta fitilar ofishin Ciyaman ba, ita ma ba za ta kai ba. Rana ta fara karkata. Matan da suka karɓi takardunsu suna hanyar fita suka tsaya kallo. Sakatare ma ya sauko da littafinsa a hammata.

"Ƴata, wannan ƙoƙari ne mai kyau," ya ce. "Ki rubuto a sayo ƙarin waya. In an zauna taron wata mai zuwa..."

Ba ta ji ƙarshen maganar ba. Ƙofar take kallo, irin kallon da ba ta taɓa yi mata ba duk shekarun da ta yi tana wucewa. Asalin ƙyauren ƙarfen an cire shi an kai gyara tun kafin a ɗauke ta aiki, bai dawo ba. Abin da ake kira ƙofa yanzu wani dogon bututu ne da aka shafa wa fenti ja da fari, aka ɗora a kan tsofaffin duro guda biyu.

Ta ajiye jakarta a kan mota. Ta je ta kama bakin bututun ta ɗaga.

"Ke! Ke!" in ji Sakatare. "Ƙofar hukuma ce!"

"Baiwar Allah, kama mini can," ta ce wa wata mai goyo da ke tsaye. Matar ba ta tambayi dalili ba, ta soke takardar haihuwar ɗanta a ɗankwali ta kama. Wasu mata biyu suka kwantar da duro suka gangaro da su, suna dariya. Aka ɗaga bututu sama aka bi da shi ta kan motar, Direba na leƙowa yana roƙo kada a karce masa fenti. Aka wuce gilashin gaba, aka wuce rufi, aka wuce but. A bayan motar aka tsayar da duro, aka ɗora bututu, wayoyin Darakta suka bi ta ƙarƙashinsa lafiya lau.

Ƴar Waya ta karkaɗe hannu, tana haki.

"Baba, ina Darakta?"

Mai Gadi ya dubi bututu. Ya dubi mota. Ya zagaya ta wannan gefe, ya zagaya ta wancan, ya tsuguna ya duba ta ƙasa.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Sakatare, "ni dai abin da aka ce mini, in ga motar darakta a bayan ƙarfen nan. Ga ta can a bayansa."

"Ai ba shi ya wuce ƙofa ba, ƙofa ce ta wuce shi!"

"Wannan kuma tsakaninsu ne. Manya ne duka."

Nan Mai Gadi ya lura da wani abin da ya fi damun sa. Bencinsa da rediyonsa da butarsa duk sun koma waje, shi ma kansa a waje yake tsaye, alhali yana bakin aiki. Ya yi salati, ya kinkimi benci da sauri ya kewaya ya dasa shi a cikin sabuwar ƙofa, ya zauna, ya sauke ajiyar zuciya.

Sakatare ya buɗe littafi ya rufe, ya sauya tabarau, ya sake buɗewa. Ya ce lallai za a kafa kwamiti ya gano inda ƙofar sakatariya take, kuma Daraktan Fasaha ne zai shugabance shi tunda abin ya faru a gabansa. Yana cikin bayani Ƴar Waya ta ɗauki jakarta.

"Ki riga Darakta zuwa da safe!" Mai Gadi ya ɗaga murya. "Ki gaida Inna!"

Ba ta jira motar haya ta cika ba, ta tari mai babur. Duk hanya idonta na kan rana, tana ce masa ya ƙara wuta, shi kuma yana cewa yana da iyali. Da suka iso, hasken bai bar saman katangar gidan ba tukuna.

Goggo ce ta buɗe. Ta dube ta sama da ƙasa, ta ce, "Kin rame, kin yi fari kamar wadda aka ajiye a firji," sannan ta matsa mata hanya.

Inna na zaune a bakin gado, an yi mata wanka, hannuwanta a kan cinya. Ta ƙanƙance. Ƴar Waya ta cire takalmi ta shiga ta durƙusa a gabanta, daidai inda hasken taga ke sauka, ta ɗago fuska. 

Inna ta dube ta da irin fara'ar da ake yi wa baƙi.

"Sannu da zuwa. Daga ina?"

"Daga aiki, Inna."

"Madalla. A kawo wa baƙuwa ruwa."

Goggo ta juya ta fuskanci bango. Ƴar Waya ba ta motsa ba. Ta bar fuskarta a wurin, cikin haske, gwiwoyinta na ciwo a kan siminti. Inna ta ci gaba da kallon ta, ta kalli goshin, ta kalli kunnuwan. Sannu a hankali fara'ar baƙin nan ta fara janyewa, girar ta haɗe, baki ya tsuke. Ta miƙo hannu ta kama kunnen Ƴar Waya ta murɗe, da ƙarfin da ba wanda ya san tana da sauransa.

"Ke! Don ƙaniyarki, tun safe na aike ki sayen ashana, sai yanzu? Wurin wasa kika tsaya, ko?"

"Eh, Inna."

"Ina ashanar?"

"Ban samo ba, Inna."

"Ba ki samo ba! Dube ta, ƙafa duk ƙura. Kuka kuma na mene ne, ai ban fara dukan ba. Tashi ki wanke ƙafa ki zo ki zauna nan inda zan riƙa ganin ki."

Ƴar Waya ta ce to. Amma ba ta tashi ba, don har yanzu Inna ba ta saki kunnen ba.